"Jiya kun hana mu ƙwai, yau kun ce mu ci": amsata ga masu wannan tambaya

Babu tambayar da nake yawan sha a wurin aiki kamar wannan. Mutum zai zo awon jini, in gama yi masa bayanin abin da ya kamata ya rage da abin da ya kamata ya ƙara, sai ya gyara zama ya ce: "Malama, ku fa ma'aikatan lafiya ba ku da magana ɗaya. Shekarun baya kun hana mu ƙwai, yanzu kun ce ba komai. To wanne za mu kama?" Wani ma sai ya ƙara da cewa tunda haka ne, gara kowa ya ci abin da ransa yake so, in kwana ya ƙare shi ke nan.

Rabin maganar nan gaskiya ce, ba na musu. Shawarar abinci ta canza, kuma za ta sake canzawa. Ɗaya rabin ne yake tayar mini da hankali, domin na ga inda yake kai mutane: shanyewar ɓarin jiki, wankin ƙoda, yanke ƙafa saboda ciwon sukari.

Ilimin abinci yaro ne, 'yan uwa. Ita kanta kalmar bitamin sai a 1912 wani masani mai suna Casimir Funk ya ƙirƙiro ta. Kafin nan matuƙan jiragen ruwa sun yi ta mutuwa da wata cuta mai kumbura dasashi, haƙora su yi ta zuba, ba wanda ya san dalili. A 1747 likita James Lind ya raba matuƙa 12 marasa lafiya biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani daban, waɗanda aka ba lemo da lemon tsami suka fi kowa saurin miƙewa. Duk da haka sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba wa sojojinta ruwan lemon tsami. A tsibirin Jaba da ke Indonesiya kuma, cikin shekarun 1890, likita Christiaan Eijkman ya lura kajin da ake ba farar shinkafar da aka goge suna shanyewa, in an mayar da su kan mai dusa sai su warke. Ashe abin da ake zubarwa don shinkafa ta yi kyau a ido shi ne garkuwa daga beri-beri, cutar da ke shanye jijiyoyi. Haka aka gano maƙoƙo rashin sinadarin ayodin ne ke kawo shi, aka fara sa shi cikin gishiri a Suwizalan a 1922, a Amurka a 1924.

A wancan zamani rashi ne babban abokin gaba. Shi ya sa a wurare da yawa na duniya abinci mai kyau yake nufin abin da zai cika ciki ya sa jiki ya murje, ƙiba kuma ta zama shaidar jin daɗi. Masu wannan tunani ba wawaye ba ne, yunwa suka sani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai kiɗa ya canza. A ƙasashen da abinci ya wadata, ciwon zuciya ya fara kwashe magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu. Masana suka ɗora wa kitse laifi, musamman bayan binciken da wani masani mai suna Ancel Keys ya fara a 1958 a ƙasashe bakwai. A 1968 ƙungiyar masana ciwon zuciya ta Amurka ta ce kada a wuce gwaiduwar ƙwai uku a mako, saboda kwalastarol ɗin da ke cikinta, wato wani sinadari mai kama da kitse da kan taru a jijiyoyin jini. Nan asalin maganar ƙwai da ake yi mana gori da ita. Daga baya aka fahimci cewa hanta ce ke haɗa mafi yawan kwalastarol ɗin da ke cikin jini, kuma ga yawancin mutane wanda suka ci a abinci ba ya ɗaga shi sosai. A ƙa'idojinta na abinci na 2015, Amurka ta cire iyakar miligiram 300 na kwalastarol a rana. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya dai ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi, don shi hukuncinsa daban ne.

Kuskuren da ya fi na ƙwai tsada shi ne abin da ya biyo bayan tsoron maiƙo. Kamfanoni suka cire maiƙo daga kayansu, ɗanɗano ya tafi, suka cike gurbin da sukari da farin gari, suka rubuta a jikin kwali cewa abincin lafiya ne. Aka ce wa mutane su bar man shanu su koma majarin, wato bota da ake haɗawa da man tsirrai, alhali yawancin majarin ɗin lokacin da daskararren man masana'anta ake yin sa, wanda daga baya aka tabbatar ya fi cutar da jijiyoyin zuciya. Ƙasar Denmak ce ta fara taka masa birki da doka a 2003, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abinci baki ɗaya. Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A 2016 aka fito da tsofaffin takardu da suka nuna cewa cikin shekarun 1960 masu sana'ar sukari a Amurka sun biya wasu masana kuɗi, suka rubuta sharhin da ya sassauta wa sukari ya jibga wa kitse laifi. Ina faɗa muku wannan ne don ku san ba mu ɓoye inda aka yi tuntuɓe. Masu bincike ne kuma suka tono shi, su suka gyara.

Ko nonon uwa bai tsira ba. An yi zamanin da talla ta sa iyaye mata suna ganin madarar gwangwani ita ce wayewa, jarirai suka yi ta mutuwa da gudawa da tamowa a inda ruwa ba shi da tsafta. A 1981 aka kafa ƙa'idar duniya kan tallar irin wannan madara, a 2001 kuma aka tsayar da shawarar nonon uwa zalla har wata shida.

Yayin da muke ta jayayya a kan ƙwai, kwanon da ke gabanmu ya canza ba mu ankara ba. Aiki ya koma na zama, lokacin girki ya ragu, abincin leda da na kwali da lemon kwalba suka shigo har ɗakin yara. Masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga miliyan 108 a 1980 zuwa miliyan 422 a 2014. A 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2019, wanda nake yawan ba mutane labarinsa. An killace mutum 20, mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako biyu ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kullum (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Mutum 20 ba yawa, na sani, amma ya nuna abin da muke gani: irin wannan abinci yana wucewa maƙogwaro da sauri kafin ciki ya ce ya isa.

To me za a kama? Ku lura, abin da ke yawan juyawa hukunci ne a kan abu guda, ƙwai ko man shanu. Gundarin maganar ya daɗe a tsaye. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da sinadarin ɗanɗano da abincin gwangwani. Sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci, kimanin giram 50 ga babba, alhali gwangwani ɗaya na lemon zaƙi yakan ɗauki kusan giram 35. Ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a samu aƙalla giram 400 a rana. Hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba da dangin wake su yawaita a kwano. Wannan ya yi aiki a zahiri: a yankin Kareliya ta Arewa da ke Finlan, tun daga 1972 aka dage wa rage kitsen dabba da gishiri da taba, mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a shekarun da suka biyo baya.

Saura maganar saƙonnin da ke yawo a waya. Yau a ce wani 'ya'yan itace yana wanke jini, gobe a ce wani gari yana narkar da teɓa cikin kwana bakwai. In irinsa ya iso gare ku, ku duba wa ya faɗa, me kuma yake sayarwa. Gyara na gaskiya yakan ɗauki shekaru, bincike bayan bincike, kamar yadda kuka gani a maganar ƙwai. Don Allah kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko na sukari saboda wani saƙo ya ce abinci kaza ya wadatar. Ku zo da wayar asibiti mafi kusa, ku nuna wa ma'aikacin lafiya ku karanta tare, a kuma auna muku jini da sukari kafin ku tafi, ko da kuna jin garau.