Waiwaye: Masanin ƙamshin abarba da hazon Los Angeles

Muhawarar da ake tafkawa kan ranar daina sayar da motocin fetur da dizal, da kuma wane mai ne ya cancanci a kira shi mai tsafta, ta girmi yawancin masu yin ta.

A Yulin 1943 wani hazo mai sa ido yaji ya lulluɓe Los Angeles, har wasu suka zaci harin guba ne, tunda ana tsakiyar yaƙi. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya hallaka dubban mutane a Landan. Hankali duk ya koma kan abin da ido ke gani, wato baƙin hayaƙin masana'antu. An rage shi a Los Angeles, amma hazon ya ƙi tafiya.

Wanda ya warware ƙullin ba masanin inji ba ne. Arie Haagen-Smit haifaffen Holan ne, malami a jami'ar kimiyya ta Caltech da ke kusa da Los Angeles tun 1937, kuma aikinsa gano sinadaran da ke ba tsirrai ƙamshi, har da abarba. A 1948 ya juya kayan aikinsa kan iskar gari. Ya zuƙe ta da yawa ta cikin bututu mai tsananin sanyi, ta bar masa 'yan ɗigon ruwa mai duhu da wari. Da ya bincika, sai ya ga alamun fetur da bai ƙone ba, amma ya riga ya sauya kama. Me ya sauya shi?

Sai ya haɗa tururin fetur da iskar naitirojin oksaid, wadda injin mota ke fitarwa, a cikin kwalba, ya haska musu fitila mai kwaikwayon rana. Hazon ya fito, da warinsa. Ya sa shi a kan ganyaye, suka lalace kamar na gonakin yankin. Ma'auninsa kuwa zirin roba ne da ya lanƙwasa: saurin tsagewarsa shi ke nuna yawan iskar ozon, wadda ke cikin manyan sinadaran hazon. A 1952 ya wallafa sakamakon. An yi masa gardama sosai, sai da wasu masu bincike suka maimaita gwajin kafin a yarda.

A ganina nan ne al'amarin ya juya, kuma shi ne aka fi mantawa. Ozon ba ya fitowa daga salansa, a sarari rana ke dafa shi. Naitirojin oksaid ɗin ma yawanci ba daga cikin man yake ba. Tun 1946 Yakov Zeldovich na Tarayyar Sobiyet ya nuna cewa zafin wuta ne ke haɗa naitirojin da oksijin na iskar da injin ya shaƙa.

Haagen-Smit ya zama shugaban farko na hukumar kula da iska ta Kalifoniya a 1968, ya rasu a 1977, shekara biyu bayan na'urar tace hayaƙi ta bazu a sababbin motocin Amurka. Masu gwada ƙona haidirojin a inji a yau sun rabu da kabon, amma har yanzu suna fama da yadda za su rage zafin harshen wutar.