Farin jinin Kirista ba a cewa "to" yake ba

A Katsina, har zuwa Malumfashi da Kafur inda Hausawa Kirista suke da yawa, an daɗe ana ɗauka cewa mai bin Almasihu na kirki shi ne wanda bakinsa bai iya cewa a'a ba. A ci bashinsa a ƙi biya, ya yi shiru. A ce ya rufa wa ƙarya asiri, ya ce to. Wai da haka ake samun farin jini.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Karin Magana 3:3-4 ta haɗa jinƙai da gaskiya, ta ce da su biyun ake samun tagomashi wurin Allah da mutane. Mu kuwa muka riƙe ɗaya, muka saki ɗaya. Yusufu ya sami tagomashi a gidan Fotifar saboda amana, amma da uwargidan ta neme shi, ƙi ya yi, har ya kai shi kurkuku. Bulus ma, a Galatiyawa 1:10, ya ce in faranta wa mutane yake nema, shi ba bawan Almasihu ba ne.

Je ka Babbar Kasuwar Katsina ka lura. Mai hatsin da mudunsa ke cika, wanda zai ce, "Alhaji, wannan geron na bara ne, sabon yana can," yakan rasa cinikin ranar, ba musu. Amma shi maƙwabcinsa Musulmi ke bar wa jiran shago in zai tafi Juma'a.