Tambayoyin da ake ta maimaitawa kan tafiyarmu ta auna manyan itatuwa a Yankari

Na amsa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya har na gaji, saboda haka na tattara su wuri guda, kuma ina roƙon kowa ya karanta kafin ya sake kirana.

Yaushe za a tafi?

Da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu. Da damina ciyawa tana rufe gindin itace, hanyoyin dajin kuma suna lalacewa.

Zan iya zuwa da tef ɗin tela?

A'a. Tsawonsa mita ɗaya da rabi ne, alhali kewayen babbar kuka yana iya wuce mita 10. A zo da tef ɗin magina mai mita 30.

Idan na hango wata bishiya daga nesa, zan iya zuwa ni kaɗai in auno ta?

Ba za ku je ba, kuma abin yana damuna da har yanzu ake yi mini wannan tambaya. Yankari ya haura murabba'in kilomita 2,200, akwai giwaye da ɓauna, kuma manyan itatuwan da muke nema, irin su maɗaci da kawo da maje, sun fi girma a kusa da kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa shan ruwa da rani. Ba mai yin taku ɗaya sai tare da ma'aikacin gandun da aka haɗa mu da shi. Kada kuma wanda ya zura hannu cikin kogon kuka, domin zuma da maciji suna zama a ciki.

A ina daidai ake ɗora tef a jikin itace?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙa'idar masu aikin daji ita ce a auna kewaye a mita 1.3 daga ƙasa, sannan a raba da 3.14 don a sami faɗin gangar jikin. Sai dai manyan itatuwa ba kasafai suke bin ƙa'ida ba. Idan itacen yana kan gangare, ana ƙirga tsayin ne daga ɓangaren tudu. Idan ya rabu biyu ƙasa da mita 1.3, galibi ana auna kowane reshe daban, ko da yake a wajen kuka na fi son a auna duka biyun, wato kowane reshe da kuma dunƙulen gaba ɗaya, domin sau da yawa abin da ido ke gani kuka ɗaya jikkuna ne da dama da suka manne. Idan saiwoyi sun taso kamar bango, yadda ake gani a gindin rimi, to a matsa sama har inda jikin ya daidaita, ko da sai an hau tsani, a kuma rubuta tsayin da aka auna. Ba zan ce wannan ya warware komai ba, domin kuka tana tara ruwa a jikinta, tana ɗan kumbura da damina tana kuma ramewa da rani, don haka awon da ba a rubuta ranarsa ba rabin awo ne. Inda kuka yi shakka, ku ɗauki hoto da tef ɗin a jikin itacen.

Ban taɓa yin wannan aiki ba, zan iya zuwa?

Ku zo, kada ku damu. Kowace tawaga tana buƙatar mutum uku: biyu masu jan tef, ɗaya mai rubutu, kuma a itace na uku hannunku zai faɗa.

Za mu san shekarun itacen?

A'a. Kauri ba ya nuna shekaru, musamman a kuka.

Tsayi fa?

Ku riƙe sanda a tsaye, hannu a miƙe, tsawonta daidai da nisan idonku zuwa hannun, ku ja da baya har kan sandar ya dace da ƙololuwar itacen, hannun kuma ya dace da gindinsa. Nisan da ke tsakaninku da itacen shi ne kimanin tsayinsa, muddin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce.

Wace tufa za a sa?

Mai dogon hannu da rufaffen takalmi. A guji shuɗi da baƙi, domin su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando a bakin kogi.