Asibitin Tafi-da-Gidanka a Ƙauyukan Arewacin Kamaru: Tambayoyi da Amsoshi

Da ruwa ya ɗauke, hanyoyi suka bushe, sai shela ta fara yawo a kasuwannin ƙauye da masallatan Juma'a cewa likitoci za su sauka rana kaza. Wasu daga Marwa ko Garwa suke, wasu tun daga Yawunde. Ga tambayoyin da jama'a suka fi yi a kansu.

Wai su wane ne ke turo su?

Ba daga gida ɗaya suke ba. Mafi daɗewa, wanda kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne na gwamnati. An raba kowace gundumar lafiya yanki-yanki, kowane yanki da ƙaramin asibitinsa da ake kira CSI. Ƙauyen da ya wuce kilomita 5 daga wannan asibiti, ma'aikacin jinya ne zai ɗaure akwatin sanyi a bayan babur ya je ya same su, ya yi wa yara rigakafi, ya yi wa mata awo, ya koma kafin magariba.

Sai ƙungiyoyin agaji irin su MSF da ALIMA da Red Cross. Aikinsu ya ƙaru a yankunan Mora da Kolofata da Mokolo da Makari daga 2014, lokacin da hare-haren Boko Haram suka sa aka rufe ƙananan asibitoci da dama a bakin iyaka, mutane kuma suka bar gidajensu.

Na uku su ne masu zuwa su yi kwana biyu ko uku su tafi. A cikinsu akwai masu aikin sa-kai na gaske, kamar ƙungiyar ASCOVIME da likitan tiyata Georges Bwelle ya kafa a 2008, wadda ke barin Yawunde a ƙarshen mako zuwa ƙauyuka. Akwai kuma wanda attajirin gari ko ɗan siyasa ya ɗauki nauyinsa, shi kuwa ya fi yawa idan zaɓe ya matso.

Me za su iya yi wa mutum a yini ɗaya?

Abin da ake farawa a gama shi a zama ɗaya, a nan suka fi ƙarfi. Gwajin zazzabin cizon sauro ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san amsa, an ba da magani. Yaro mai tamowa, da ɗan zare mai launi ake auna damtsensa. Idan ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, sai a fara ba shi abincin gyaɗan nan na cikin leda. Akwai maganin tsutsar ciki, akwai na tsargiya ga yaran da ke wanka a ruwan Lagdo da gonakin shinkafar Maga da Yagwa. Akwai rigakafin ƙyanda da shan inna da sanƙarau, kuma tun 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta shigar da rigakafin zazzabin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka.

Ido ma yana cikin abin da ake dacewa da shi. Ciwon amodari da ya daɗe yakan juya gashin ido ya koma ciki yana goge ƙwayar har ta mutu. Gyaransa ɗan ƙaramin aiki ne da ma'aikacin jinya mai horo ke yi a fatar idon. Yanar ido kuwa, galibi a ƙauye ake tantance masu ita, sai a kwashe su zuwa inda akwai ɗakin tiyata a cire a saka musu gilashi a cikin idon. Wannan ya sha bamban da aikin masu yawo da tsinke suna tura yanar ta faɗa cikin ido. Mutum zai ga haske na ɗan lokaci, ya yi ta sa albarka, daga baya idon ya tafi gaba ɗaya.

Me ya sa likitan haƙorin ba ya komai sai cirewa?

Wannan ƙorafi ana jin sa ko'ina, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Dalilin farko, a makare muke kai haƙori. Ciwon haƙori ba ya fara da zafi. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin suga su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin fatar haƙorin a hankali har ya yi kogo. Babu wata tsutsa a ciki, duk abin da mai magani a kasuwa zai nuna maka a kan faranti. Yayin da kogon yake ƙarami, ana iya kankare ruɓaɓɓen wurin da kayan hannu a cike shi da wani farin siminti na haƙori, ba wuta ba injin huda. An fara gwada wannan hanya a Tanzaniya cikin shekarun 1980, don wurare irin namu aka ƙirƙiro ta. Amma wa ke kai haƙorin da bai hana shi barci ba? Sai ruɓar ta kai jijiya, an sa kanumfari, an sa gishiri, wani har ruwan batir ko fetur, sannan a shiga layi.

Dalili na biyu, haƙorin da ya kai nan ceto shi sai an kashe jijiyar an wanke saiwar an cike, aikin da ke son hoto da wuta tsayayya da dawowa fiye da sau ɗaya. Motar da za ta tashi jibi ba ta da wannan. Ga mutum ɗari a gindin bishiya suna jira, ga likita ɗaya. Yawancin likitocin haƙori na ƙasar nan a Yawunde da Duwala suke zaune, abin da ya rage wa jihohin Arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kaɗan ne, su ma a manyan birane. Saboda haka cirewar ba mugunta ba ce. Sai dai a ganina, tawagar da ta zo da filaya kawai, ba kayan cike kogo, ba ta kuma leƙa makarantar firamare da ta allo ta duba bakin yara ba, rabin aiki ta yi. A bakin yaran ne ake samun haƙorin da har yanzu zai cetu.

Gaskiya ne cire haƙorin sama yana taɓa ido?

A'a. Jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Abin da ke kumbura fuska har ido ya rufe shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da aka bari ya tara mugunya. Idan kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, ga zazzabi, kada a jira ranar zuwan kowa. A nemi abin hawa a tafi babban asibiti a ranar, don irin wannan yana toshe numfashi.

Mai ciki ma ana iya duba mata haƙori, allurar kashe zafin ba ta zubar da ciki. Ta dai faɗa wa likita watanninta. Haka mai hawan jini da mai ciwon suga da wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, su faɗa kafin su zauna a kujera.

To bayan an cire fa?

A cije audugar da aka sa na rabin awa ko fiye. Ranar nan ba kurkure baki da ƙarfi, ba tofe-tofe, ba taba, ba shayi mai zafi, ba taunar goro a wajen. Gudan jinin da ya kwanta a ramin shi ne murfin ciwon, idan ya fita zafin da zai biyo baya ya fi na farko. Washegari sai a fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri.

Kayan da suka shiga bakin wani, su za a sa a nawa?

Tambaya ce mai kyau, kada kuma a ji kunyar yin ta. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a Arewa, ta jini yake bi, kuma yakan shekara da shekaru a jiki shiru. Allura da safar hannu kowa da nasa, a gabanka za a ɓare leda. Ƙarafan kuwa ana wanke su a turara su cikin tukunya mai matse tururi, a zafin da ya kai digiri 121, ko a kan murhun gas ana yi. Idan ka ga daga wannan baki sai a tsoma filaya cikin roba a nufo na gaba, tashi ka yi tafiyarka.

Yaranmu haƙoransu duk sun yi ja, kuma ba sa cin goro. Cuta ce?

A wasu ƙauyukan kwarin Mayo Tsanaga, musamman wajen Meri, ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa yana ɓata launinsa tun yana tsirowa a cikin dasashi. Asuwaki da gawayi ba sa fitar da shi, tafasa ruwan ma ba ya rage shi. Mafita ita ce a gwada ruwan, a samar wa ƙananan yara wani wurin sha.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, idan dasashinsa na jini, bakinsa na wari sosai, kunci ya fara kumburi, a yi zargin cutar noma. Cikin 'yan kwanaki take huda kunci ta cinye nama da ƙashi. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Idan ta wuce nan, wanda ya rayu sai tiyatar gyaran fuska, irin wadda ake yi a asibitin noma na Sakkwato. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Kyauta ne, ko akwai abin da za a ce a kawo daga baya?

Na ƙungiyoyin agaji galibi kyauta ne, rigakafin yara kyauta ne a ko'ina. Kuɗi yana shigowa ne idan an rubuta takardar turawa: kuɗin mota, na gwaji, na abincin mai jinya. Mai ciki ta yi tambaya a kan tsarin Chèque Santé, wanda aka fara a jihohin Arewa uku a 2015. Da sefa 6,000 ake biyan awo da haihuwa har da tiyata idan ta kama, a asibitocin da ke cikin tsarin.

An auna Baba an ce hawan jini ne, an ba shi maganin wata ɗaya. Ya ƙare. Yanzu fa?

A nan gejin asibitin tafi-da-gidanka yake. Hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da tarin fuka ba sa ƙarewa da leda ɗaya ta ƙwayoyi. Tarin fuka kaɗai wata 6 ake shan maganinsa ba fashi. Hawan jini kuwa, awo ɗaya ma bai isa a yanke hukunci ba, balle na tsohon da ya yi tafiyar awa biyu a rana ya tsaya a layi. Ana so a sake aunawa a wata rana, idan ya zauna a 140 bisa 90 ko sama sannan a ɗora shi a magani, maganin kuma na dindindin ne. Dattijo zai sha na wata guda, kai ya daina sara, ya ce ya warke. Bayan watanni sai a ji ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce.

Don haka, kafin motar ta tashi, a tabbatar an rubuta sunan maganin da adadin awon a cikin karne, wato ɗan littafin asibiti na majinyaci. A kai karnen wa shugaban CSI mafi kusa, shi zai ci gaba da aunawa, shi zai faɗi inda za a sayi maganin. Ni da wannan nake gane tawagar kirki: ta zo tare da ma'aikacin asibitin yankin da wakilan lafiya na ƙauyen, ta bar musu sunayen waɗanda za a bibiya, ta kuma sa tafinta a kowane tebur. Likitan da ke bayani da Faransanci ga tsohuwar da Fillanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa kaɗai take ji, ko da maganinsa daidai ne, ba lallai a sha shi daidai ba.

Me ya sa ba a ganinsu da damina, lokacin da ciwo ya fi yawa?

Hanya ce. Laka tana riƙe mota, mayo, wato rafi, yana cika ya raba ƙauye da gari, kogin Logon yana malala. A ambaliyar 2024 har gada ta karye a Yagwa, wasu wurare sai da kwalekwale. Shi ya sa aikin damina a hannun 'yan gari yake. Tun 2016, a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa, wakilan lafiya ke bi gida-gida kowane wata daga wajen Yuli zuwa Oktoba suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzabi. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake.

Makiyaya fa, da ba su zama wuri ɗaya?

A tsallaken kogi, a Cadi, an gwada wata dabara tun shekarar 2000: likitan dabbobi da na mutane su fita a mota ɗaya. Makiyayi ba ya wasa da allurar shanunsa, to ranar da aka taru dominta sai a yi wa mata da yara tasu.

Ta yaya za mu gane 'yan damfara?

Tawagar gaske ba ta faɗowa gari haka kawai. Ta biyo ta ofishin gundumar lafiya, basaraken yankin, lamido ko lawan ko jauro, ya san da zuwanta, shugaban CSI ma ya sani. A tambaye shi. Wanda ya kafa tebur a kasuwa da wata na'ura, ka riƙe ƙarfe a tafin hannu, kwamfuta ta lissafo maka ciwon ƙoda da hanta da rashin haihuwa cikin minti ɗaya, sannan ya jawo kwalaben da zai sayar maka, ɗan kasuwa ne. Babu na'urar da ke ganin ƙoda ta tafin hannu. Haka wanda ke rubuta wa duk wanda ya zauna gabansa allura da ƙarin ruwa, ko mai ba da ƙwayoyi tsirara a ƙulle cikin takarda, ba suna ba ranar lalacewa. A kai rahotonsa wurin jauro da shugaban CSI tun bai kwashe kayansa zuwa kasuwar gaba ba.