Waiwaye: Yadda aikin mishan ya fita daga hannun ikilisiya, ya kuma dawo

Idan aka ce ikilisiya kaza tana da kishin mishan, yawanci abin da ake nufi shi ne tana da kwamitin mishan, tana ware Lahadi guda a shekara don tara baiko, tana kuma ɗaukar nauyin mai bishara ɗaya ko biyu a wani wuri mai nisa. Wannan fahimta ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato.

Ikilisiyar farko ba ta san wani kwamiti ba. Ayyukan Manzanni sura 8 ta nuna cewa bayan an jajjefe Istifanus, tsanani ya warwatsa masu bi daga Urushalima. Manzanni suka zauna, sauran jama'a kuwa suka yi ta ba da labarin Almasihu duk inda suka yada zango. Waɗansu suka kai Antakiya. Ikilisiyar da gudun hijira ya haifa a can ita ce, a sura 13, ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su. Shugabanni biyar aka lissafa a wurin, biyu ta bayar, kuma ba 'yan baya-baya ba.

Al'amari ya sauya bayan shekarar 380, da Kiristanci ya zama addinin daular Rum. Tunda kowa a gari an yi masa baftisma, wa za a yi wa bishara? Sai aikin ya koma bakin iyaka, a hannun sufaye da 'yan aike na musamman. Paparoma Giregori ya aika Agustin, ya isa Ingila a 597. Alopen na Ikilisiyar Gabas ya isa babban birnin Sin a 635. Daga baya ƙungiyar Jesuit ta Katolika, wadda aka amince da ita a 1540, ta yaɗa amfani da kalmar "mishan" da ma'anar da muka sani yau, kuma a 1622 fadar Paparoma ta buɗe ofishi na musamman don yaɗa bangaskiya.

A ɓangaren Furotesta abin ya yi jinkiri. Banda 'yan ƙalilan irin su 'yan Morabiya na ƙauyen Herrnhut a Jamus, waɗanda tun 1732 suka aika mutum biyu zuwa ga bayi a tsibirin St Thomas na yankin Karibiyan, manyan ikilisiyoyi ba su ɗaga kai ba. Shi ya sa William Carey, mai gyaran takalma da ya zama fasto, ya haɗu da abokansa suka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis a 1792, ya tafi Indiya a shekara ta gaba. CMS, ƙungiyar mishan ta Anglika, ta biyo baya a 1799. Ƙungiyoyin nan sun yi aiki mai yawa: fassarar Littafi Mai Tsarki, makarantu, asibitoci. Amma sun bar gado mai nauyi. Mishan ya zama sana'ar wasu ƙwararru, mai bi na cikin majami'a kuwa nasa shi ne ya sa hannu a aljihu. Ga kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da 'yan mulkin mallaka, tabon da har yau bai goge ba.

Tun a lokacin akwai waɗanda suka hango matsalar. Henry Venn, sakataren CMS, ya nace cewa sabuwar ikilisiya ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Tunaninsa ne ya kai ga naɗa Samuel Ajayi Crowther, ɗan Afirka, bishop a 1864. Sai dai faɗa da baki ya fi cikawa sauƙi: a babban taron mishan na Edinburgh a 1910, cikin wakilai kusan 1,200, waɗanda suka fito daga sababbin ikilisiyoyin ba su kai ashirin ba.

Abin da ya girgiza tsohon tsarin shi ne fitar 'yan mishan daga Sin bayan 1949. A taron mishan na Willingen a Jamus a 1952 aka koma tushe, aka ce mishan na Allah ne: Uba ya aiko Ɗa, aka aiko Ruhu Mai Tsarki, ikilisiya ma aikakkiya ce. Idan haka ne, ba ita ta mallaki aikin ba balle ta miƙa wa kwamiti ta huta. Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta faɗi kusan haka a 1965, cewa ikilisiya bisa ga halittarta ta mishan ce. A 1971 John Gatu, wani shugaban Firesbiteriya daga Kenya, ya jefa dutse a kasuwa: ya nemi a dakatar da turo 'yan mishan da kuɗi daga waje na shekara biyar, don ikilisiyoyin Afirka su tsaya da ƙafarsu.

Taron Lausanne na 1974, wanda Billy Graham ya kira, ya tayar da gardamar da ba ta mutu ba. René Padilla da Samuel Escobar daga Latin Amurka suka ce bisharar da ba ta kula da yunwa da zalunci gurguwa ce. Wasu suka ji tsoron kada wa'azin tuba ya narke cikin ayyukan jinƙai. A ganina ikilisiyar da ta ɗauki ɗaya ta yar da ɗaya, rabin saƙon ta karɓa. A shekarar ce kuma ɗan mishan Lesslie Newbigin ya koma Ingila bayan dogon zama a Indiya, ya iske ƙasarsa ta haihuwa ita ma ta zama filin mishan.

Alƙaluma sun gaskata shi. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna cewa a 1910 kusan kashi biyu cikin uku na Kiristocin duniya suna Turai. A 2010 kusan kashi 26 cikin ɗari ne suka rage a can, Afirka kudu da Sahara kuwa ta tashi daga kusan kashi 1 zuwa 24. Yau Koriya ta Kudu da Brazil suna cikin manyan masu aika 'yan mishan, kuma a biranen Turai da dama, ma'aikata da ɗalibai baƙi ne suke buɗe wuraren sujada, ba tare da wata ƙungiya ta aiko su ba, kamar waɗancan da suka isa Antakiya.