Ba duk lafawar wasan bidiyo ce jan lokaci ba

An daɗe ana cewa duk inda wasan bidiyo mai labari ya lafa, ba faɗa ba gudu, masu shi na jan lokaci ne don ya yi tsawo. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa a nan ake binne abin da zai tashi daga baya.

Ɗauki BioShock na 2007. Muryar da ke maka jagora ta rediyo tana yawan haɗa umarninta da wata 'yar jimlar ladabi. Kana ji kana wucewa, sai can a bayyana cewa da jimlar nan ake juya ka tun farko. Alamar tana nan, kai ne ba ka kula ba.

Kuma linzami a hannun ɗan wasa yake. Wanda ya tsallake saƙonnin murya da rubutun bango, ya zo ƙarshe yana cewa an yi masa ba-zata babu dalili, anya laifin marubuci ne? A The Last of Us na 2013, tsayawa kallon raƙuman dawa ta zo ne bayan tashin hankalin da aka sha da hunturu a labarin, Ellie, yarinyar da kake wa rakiya, ta yi jugum, kuma 'yan mintunan nan ne suka sake buɗe mata baki.