Sakayyar Zubar da Jini a Addinin Buddha

A aƙidar mabiya addinin Buddha, duk wanda ya kashe rai ko ya cutar da shi da gangan, sakamakon aikinsa zai riske shi, ko a wannan rayuwa ko a wata da za a sake haifarsa a cikinta. Sunan wannan koyarwa kamma a harshen Pali, karma a Sanskrit. A wurinsu babu wani abin bauta da ke zaman shari'a yana yanke wa mai laifi hukunci. Aikin ne da kansa ke haifar da sakayyarsa. Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, ya yi wa'azinsa a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya, kuma ta farko cikin dokoki biyar da ya ɗora wa mabiyansa ita ce kame hannu daga ɗaukar rai, na mutum ne ko na dabba.

Niyya

Koyarwar duka a kan niyya ta rataya. Malaman sharhi na ɓangaren Theravada, ɗaya daga cikin manyan rassan addinin, irin su Buddhaghosa da ya yi aiki a Sri Lanka a ƙarni na 5 miladiyya, sun ce sai abubuwa biyar sun haɗu kafin laifin kisa ya cika: akwai mai rai, mutum ya san mai rai ne, ya ƙudurta kashe shi, ya yi yunƙuri, ran kuma ya fita. Wanda ya taka ƙwaro a cikin duhu bai sani ba, ba shi da wannan alhaki. Laifin kuma ba nauyinsa ɗaya ba, kisan mutum ya fi na dabba muni, kisan mutumin kirki ya fi kowanne.

Yadda sakayyar ke zuwa

A cikin Majjhima Nikaya, ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen wa'azin Buddha, wani saurayi mai suna Subha ya tambayi Buddha abin da ya sa wasu ke tsufa wasu kuma su mutu da ƙuruciya. Buddha ya amsa masa cewa mai kisa gidan azaba yake faɗawa bayan mutuwa, in kuwa ya dawo a matsayin ɗan Adam, ba ya yin tsawon rai. Mai dukan halittu da hannu ko sanda ko wuƙa shi kuma yawan ciwo yake tararwa.

Akwai laifuka biyar da ba a tsallake sakayyarsu a rayuwa ta gaba: kashe uwa, kashe uba, kashe arahant wato wanda ya kai ƙarshen tsarkakar zuciya, zubar da jinin Buddha, da raba kan jama'ar sufaye, wato masu zuhudu na wannan addini. Sarki Ajatasattu na Magadha, wanda ya halaka mahaifinsa Bimbisara don ya hau karaga, shi ne misalin da aka fi kawowa. Sai dai azabar, komai tsawonta, tana da iyaka. Idan ƙarfin aikin ya ƙare, sai a sake haihuwa a wani wuri.

Angulimala

Labarin da ya fi nuna zurfin wannan koyarwa shi ne na Angulimala, ɗan fashin ƙasar Kosala da ke rataya yatsun waɗanda ya kashe a wuyansa. Ya haɗu da Buddha, ya ajiye makamai, ya zama sufi, har ya kai matakin arahant. Duk da haka jinin da ya zubar bai tafi a banza ba. Wata rana ya shiga birnin Savatthi neman sadakar abinci, aka same shi da jifa, ya dawo kai na jini, ƙwaryarsa a fashe, tufafinsa a yage. Buddha bai yi masa alkawarin ramuwa ba, cewa ya yi ya daure, domin abin da zai ɗanɗana na shekaru dubbai a gidan azaba shi ne yake ɗanɗanawa a nan. Tuba ba ta shafe aikin ba, amma ta rage masa kaifi ƙwarai, kuma wannan matsaya ce mai adalci ga wanda aka zalunta da wanda ya tuba baki ɗaya. Wani nassi a Anguttara Nikaya, wani kundin wa'azin Buddha, ya kwatanta mummunan aiki da dunƙulen gishiri, girman tsarkakar mai aikin kuma da yawan ruwa: a ɗan ƙaramin kofi yana hana shan ruwan, a kogin Ganga kuwa ba a jin ɗuriyarsa.

Yaƙi

Tsofaffin nassoshi ba su sassauta wa mayaƙa ba. Da wani shugaban mayaƙa ya nace da tambaya ko wanda ya faɗi a fagen fama yana zuwa wurin alloli, Buddha ya ƙi amsawa har sau biyu, a na uku ya gaya masa cewa wanda ya mutu zuciyarsa cike da son hallaka wasu, gidan azaba ya nufa. Sarki Ashoka na Indiya ya sa an sassaƙa nadamarsa a jikin dutse bayan yaƙin Kalinga, wajen shekara ta 261 kafin miladiyya, inda ya ce an kashe mutum 100,000.

Daga baya an sami masu buɗe ƙofa. Wani nassin Mahayana, wani babban reshen addinin, ya kawo labarin shugaban jirgin ruwa da ya kashe ɗan fashi saboda tausayi, don ya ceci fatake 500 ya kuma tsare ɗan fashin daga mummunar sakayya. Littafin tarihin Sri Lanka, Mahavamsa, ya wuce nan: ya ce da Sarki Dutugemunu ya damu da yawan waɗanda ya kashe a yaƙinsa da Sarki Elara, an lallashe shi da cewa mutum ɗaya da rabi kawai ya kashe, sauran ba mabiya addinin ba ne. Wannan magana ta saɓa wa doka ta farko ƙarara, kuma har yau masana na kawo ta idan ana muhawara a kan addini da yaƙi a tsibirin.